Nomau Mai Gyaran Kifi da Aljanin da Bai Gani Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa wani a cikinku zai miƙe ya ce kakarsa 'yar can ce, mu ƙarar da la'asar ɗin nan a kan asali. Ku dai saurara. Da marigayiya uwargidana tana da rai da tuni ta aiko a ce min in taƙaita. Yau shekara shida babu mai aikowa, saboda haka ku gyara zama.

Sunan mutumin Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko masunci na sosai ma ba shi ba ne, don ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami, ba ya iya iyo. Sana'arsa gyaran kifi. Masunta su fito daga ruwa su zube masa abin da suka kamo, shi kuma ya zauna a bakin tafki da wuƙarsa ya kankare, ya fasa ciki, ya wanke. Ladansa kawuna da kayan ciki. Shekara arba'in yana wannan aiki, har ƙarnin ya bi jikinsa, in ya shiga sahu a masallaci sai ka ga na kusa da shi ya tuna cewa yana da tari.

Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya ƙarya. Kada ku ɗauka wani babban waliyyi ne. Ni ina jin ƙaryar ce ta fi ƙarfin kansa, don ita ƙarya tana bukatar mutum ya riƙe magana biyu a lokaci ɗaya, shi kuwa ɗaya ma da ƙyar. Amma dai an sani. In aka yi gardama a garin, da an ce Nomau ya gani, magana ta mutu.

Garin nan da tafki yake rayuwa. Akwai kogi a gabas, akwai tafki a yamma, tsakaninsu wani siririn mashigi. In damina ta kankama kogi ya cika, sai ruwa ya bi mashigin ya shiga tafki, kifi ya biyo shi. A lokacin nan kifi yakan yi cunkoso a mashigi har mutum ya iya kamawa da hannu. Kuma a daidai lokacin nan ne ake hana su. Sarkin Ruwa yakan kafa sanda a bakin mashigi, ya ɗaura mata ganyen kaba. Shi ke nan an ɗaure ruwa. Babu mai jefa homa, babu mai kafa taru, sai bayan wata uku in an cire sandar.

To, wata shekara sai ga wani bafatake daga nesa yana neman kifin banda da damina, lokacin da babu shi a ko'ina, ya ce ko nawa aka samu zai kwashe. Masunta masu jini a jika suka ji. Babbansu wani mai suna Tanimu, ƙato, mai 'ya'ya bakwai da rumbun da ya ƙare tun bazara. Ku lura, ba mugu ba ne. Na gaji da labaran da ake sa mugu ya zo da ƙaho. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai.

Tanimu ya je gaban Sarkin Ruwa, wani tsoho mai suna Arzika, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Me ya sa ake ɗaure ruwa?"

Arzika ya ce, "Haka muka tarar."

"Na ji. Waɗanda kuka tarar, me ya sa suke yi?"

"Haka su ma suka tarar."

"To na farkon fa, wanda bai tarar da kowa ba?"

Arzika ya dubi dattawan da ke zaune a zaurensa. Ɗaya ya ce don girmama ruwa ne. Ɗaya ya ce a'a, don kada mutane su bar noma ne. Ɗaya ya ce shi dai ya ji kifin damina yana kawo ƙaiƙayi. Na huɗun barci yake yi. Dattawa huɗu, amsa uku, babu wadda ta san 'yar'uwarta.

Tanimu ya ce, "Ni kuwa an ce min sandar nan ragowar tsafi ce ta zamanin da ba a salla. In addini ne a nuna min a littafi. In ba addini ba ne, ran Alhamis zan cire ta." Ya yi sallama ya fita.

Kun ga irin wannan ruɗu? Mutane suna riƙe da abu mai kyau, sun manta dalilinsa. Suna ji a jikinsu cewa in sandar nan ta faɗi wani abu zai lalace, amma a tambaye su mene ne, sai kallon juna.

Dattawa suka kwana biyu suna shawara, suka fito da dabara. Suka aika aka kira Nomau. Ya zo yana jan ƙafa, ya tsuguna a bakin ƙofa, don bai saba a ce ya shigo ba.

Arzika ya ce, "Matso, Nomau. A shimfiɗa masa tabarma. A'a, can, wajen iska."

Ya matsa.

"Kai ne kullum a bakin tafki. Ba ka taɓa ganin wani abu a mashigi ba? Wani abu dogo, fari, mai gashi har gadon baya?"

Nomau ya yi tunani sosai, ya ce, "Akwai wata balbela."

"Ba balbela ba! Aljani nake nufi. Mai ruwan."

"Ban taɓa gani ba, ranka ya daɗe."

"To ran Alhamis ka gan shi. Ka ji ko? Za ka ce ya fito maka, ya ce duk wanda ya taɓa kifi kafin a cire sanda, hannunsa zai shanye. Da ni na faɗa za su ce tsufa ne. In kai ka faɗa, ko Tanimu sai ya maida homarsa rataye."

Nomau ya ce, "Amma ban gan shi ba."

Wani dattijo ya ce, "Kai, gurgun nan, kunnen ma ya shanye ne? An ce maka ceton gari za ka yi."

"Ni ma ba na so a cire sandar, Baba. Ai na san abin da take tsarewa. Kifin da ke shigowa da damina, matan duk ciki gare su. Ƙwai ne maƙil. Haihuwa suke zuwa yi cikin ciyawar tafki. In aka tare su a mashigi, an kama na bana, an kama na baɗi, an kama na shekarar da ke binta."

Ku saurara da kyau a nan. Amsar da dattawa huɗu suka rasa, ga ta ta fito daga bakin mai ƙarni. Kuna tsammani sun rungume shi? Arzika ya yi tsaki ya ce, "Ƙwai! Wa zai ji tsoron ƙwai? Mutum da yunwa za ka tare shi da ƙwai? Aljani muke so."

Nomau ya fita kansa a ɗaure. Ya wuce wurin liman, ya zayyana masa komai, ya ce, "Allah gafarta malam, ƙarya fa?"

Liman ya ce, "Haramun ce."

"Ɓarnar abincin gari fa?"

"Ita ma haramun ce."

"To in sai da ɗayar za a hana ɗayar?"

Liman ya shafa gemu, ya dubi sama, ya dubi inuwa, ya ce lokacin salla ya gabato, a bari sai an idar. Da aka idar sai ya tsawaita nafila. Kada ku yi dariya. Ni na karanta littattafai fiye da limamin nan, na ƙarar da idona a kansu, kuma da ni aka tambaya ran nan ina jin nafilar tawa sai ta fi tasa tsawo.

Alhamis ta zo. Gari ya taru a bakin mashigi da hantsi. Ga sanda, ga ganyen kaba, ga kifi yana ta tsalle a ruwa kamar ana tafasa shi. Arzika ya miƙe ya ba da labarin aljani, dogo, fari, mai gashi. Ya iya magana, har mata suka fara ja da baya, har Tanimu da kansa ya saki hannun homarsa. Sai Arzika ya yi caca. Ya lissafa cewa Nomau ba zai kunyata furfura a bainar jama'a ba. Ya nuna shi ya ce, "Ga wanda ya gani da idonsa."



Tanimu ya ce, "Baba Nomau, da gaske ne? In ka ce ka gani, wallahi yanzu zan koma gida."

Kalma ɗaya. Ko ɗaga kai ma ya isa. Nomau ya dubi Arzika, ya dubi ruwan. Ya ce, "Ban gani ba, Tanimu. Amma ka tsaya in gaya maka abin da na gani. Kifin nan ƙwai—"

Ba a ji sauran ba. Dariya ta cinye shi. Wani ya ce, "Aljani ya koma ƙwai!" Wani ya ce, "A kawo mai mu soya shi!" Tanimu ya tsallaka ya finciko sandar ya jefar. Kafin azahar bakin mashigi ya zama mahauta.

Arzika ya bi ta gaban Nomau ya ce, "Ka tsira da bakinka, ka kashe gari. Allah ya ba ka ladan." Daga ran nan bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Shi kuma Nomau, ina ya koma? Wurin aikinsa. Ba shi da wata sana'a. Aka riƙa zube masa kifi tuli-tuli, yana fasa ciki ƙwai yana zubowa a hannunsa, rawaya, kamar gero. Ya yi kwana uku yana fasawa, ba ya iya cin abinci. Ya rasa ko shi mai gaskiya ne ko shi wawa ne. Ya roƙi Allah ya nuna masa, bai ga komai ba, ko a mafarki.

Rana ta huɗu ya ce da masunta, "Ku riƙe kawunanku da kayan cikinku. In na yi muku gyara, ku ba ni kifi uku masu rai, ni zan zaɓa."

Tanimu ya ce, "Af! Baba ya waye. Zaɓi, Baba, zaɓi. Ashe mai wa'azin ƙwai ma yana da tukunya."

Sai ya riƙa zaɓar masu ciki. Yakan shafa cikin kifi da babban yatsa ya gane. In ya ɗauki mata biyu sai ya haɗa da namiji ɗaya. Ya zuba su a tulu da ruwa, ya ɗora a ka, ya ja ƙafa ya nufi bayan gari. Kullum haka. Gari ya samu abin faɗa. Masunta suka ce munafuki ne, ya hana da baki yana ci da hannu, kuma masu ƙiba yake zaɓa. Dattawa suka ce ai ga dalilin da ya ƙi ganin aljani. Karon farko ke nan da tsofaffi da samarin garin suka haɗu a kan magana ɗaya.

Akwai wata tsohuwa mai banda, Gwaggo Delu, mai baki kamar aska. Ita ta lura cewa mai cin kifi uku kullum sai rama yake yi. Wata rana ta bi shi a baya. Ta tarar da shi a ƙarshen 'yar fadamar da ya gada, bakin wani tsohon kududdufi wanda 'yar gaɓa ce kawai ta raba shi da tafki. Yana juye tulun a ciki.

Ta ce, "Nomau, me nake gani?"

"Ajiya nake yi."

"Ajiyar kifi a rami? In rani ya yi ramin ya ƙafe fa?"

"Zan ƙara haƙawa."

"In suka cinye juna fa?"

"Wataƙila su cinye."

"To zai yi amfani?"

"Ban sani ba, Delu. Wallahi ban sani ba. Na dai kasa zama."

Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Tun muna yara na san kai wawa ne, ban san abin ya girma haka ba." Ta juya ta tafi. Da yamma ta dawo da tuwo. Washegari da Tanimu ya kawo mata kifi, ta tsince masu ciki ta tura masa gefe ta ce ba za su hau ragarta ba. Ya ce saboda me? Ta ce, "Saboda na haifi tara, na san ciki in na gan shi. Kai ka kai wa uwarka ta banda maka." Ya kai wa uwar tasa kuwa, ta banda masa. Tsofaffi biyu ne kawai suka bi bayan Delu. Kada ku ɗauka gari ya farka. Gari bai farka ba.

Rani ya zo. Nomau ya shiga ramin da fartanya yana ƙara zurfi, ya kafa rumfar zana a kai don rana, yana zuba dusa da gara. Fiye da rabin kifin suka mutu, yana tsamo su da safe yana binnewa. Kifin da ake kira bargi duk ya mutu, ko ɗaya bai rage ba. Tarwaɗa da karfasa ne suka jure.

Damina ta biyu aka sake tare mashigi, aka samu rabin na bara. Ya ci gaba da ɗaukar tulunsa. Damina ta uku aka kafa taru tun daga safe har yamma aka fito da kwaɗi da wani tsohon takalmi. Bafataken ya ɗaure kayansa ya nufi wani gari mai tafki. Yunwa ta shigo. Gida goma sha ɗaya suka tashi suka bar garin, ba su dawo ba har abada. A shekarar nan Arzika ya rasu, kuma an ce maganarsa ta ƙarshe a kan Nomau ce: da gurgun nan ya ɗaga kai sau ɗaya, da duk wannan bai faru ba.

Aka kai wa Nomau wannan magana, don mutane ba sa barin irinta ta lalace a hanya. Nomau ya ce, "Mai yiwuwa yana da gaskiya."

A ƙarshen daminar nan ruwa ya yi yawa, tafki ya tumbatsa har ya taɓo gaɓar kududdufin. Nomau ya ɗauki fartanya ya sare gaɓar. Delu tana tsaye, ta ce ruwan da ya fita baƙi ne wuluk saboda 'ya'yan kifi, ƙanana kamar ɗan yatsa, ba sa ƙirguwa. Suka bazu cikin ciyawa.

Labari ya kai ga Tanimu. Ya zo da homa a kafaɗa, ya rame, biyu daga cikin 'ya'yansa suna gidan dangi a wani gari saboda babu abin ba su. Ya tsaya yana kallon 'ya'yan kifin nan. Homa ɗaya zai jefa ya cika tukunya a ran nan. Nomau bai ce masa kada ya jefa ba. Ya dai sa hannu a ramin ya kamo wata tarwaɗa, ya ce, "Kawo yatsanka." Ya ɗora yatsan Tanimu a kan cikinta ya danna kaɗan. "Ka ji? Wannan shi ne abin da na gani. Ban ga wani abu bayansa ba."

Tanimu ya daɗe da yatsansa a wurin. Sannan ya ajiye homar, ya je ya saro sanda da kansa, ya ɗaura mata kaba, ya kafa a mashigi. Ya kwana arba'in yana gadinta da gora a hannu, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili yana da amsar ba shi. Bayan shekara biyu tafki ya dawo. Bai dawo kamar da ba. Bargi bai sake shiga garin ba, yaran da aka haifa bayan nan sunansa kawai suka sani. Nomau ya koma karɓar kawuna da kayan ciki har ya mutu, kuma ban ji an ce na kusa da shi a sahu ya daina tari ba.

To jama'a, wa ya yi daidai? Na juya labarin nan shekara da shekaru. In na tuna gida goma sha ɗaya sai in ce Arzika. In na tuna cewa aljanin ƙarya ba ya wuce ranar da wani mai yunwa zai gwada ya ga hannunsa bai shanye ba, sai in ce Nomau. Wani lokaci in kwanta da ɗaya in tashi da ɗaya. Abin da na tabbatar guda ne, shi zan bar muku.

Jibi za ku tafi gaban hukuma a kan kogin nan namu, da masu zuba ruwan rini a cikinsa, da motocin da ke kwashe yashinsa. Madalla, furfura ta yi amfani. Amma na ga takardar da kuka rubuta. Kun ce yara biyar sun mutu saboda shan ruwan. Alhaji, kada ka sunkuyar da kai, rubutunka ne, na san yadda kake karkata layi. Yaran wa? A wace maƙabarta? Babu yaron da ya mutu. Kifi ne ya mutu, rijiyoyin bakin kogi ne suka yi wari, albasar fadama ce ta ƙone. Wannan kuka gani, wannan za ku faɗa. Ran da aka aiko mai bincike ya nemi kabari bai samu ba, ran nan za a yi muku dariyar da za ta cinye har gaskiyar da ke bakinku.

Kada ku kare abin Allah da ƙarya. Amma kuma kada wani ya faɗi gaskiya ya koma gida ya miƙe ƙafa yana jin ya gama. Gaskiya ba ta ceci tafkin nan ba sai da mai faɗinta ya biya ta da abincinsa, shekara uku, yana jan ƙafa, bai ma san ko zai yi amfani ba. Wanda bai shirya wannan ba, shi da maƙaryacin tafki ɗaya za su kashe, sai dai shi zai fi jin daɗin barci.

Ku goge layin nan. Gobe da hantsi kowa ya zo da kwalba mu ɗebi ruwan kogin mu kai musu su shinshina da hancinsu. Ni zan riga ku zuwa, don ba ni da wanda zai ce in tsaya in karya kumallo. Allah ya sa mu faɗi abin da muka gani, ya ba mu ƙarfin ɗaukar abin da zai biyo baya. Ku tashi, an kusa kiran magariba.